Hashiyar Ƙarya a Kundin Shamuwa

Lawali ɗan Gusau ya ci amanar abokan wasansa. Ya yi ƙarya a rubuce, da baƙin biro, a gefen shafi na tara na kundin da aka damƙa masa ya riƙe na mako guda. Wani zai ce ai wasa ne. To, mutumin da ya shekara shida yana karatun hadisi a Azhar, wanda ya san sunan da ake kiran mai ƙirƙirar ruwaya da shi, ba shi da bakin da zai ce wasa ne. Ga yadda abin ya faru.

Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mutum huɗu suna haɗuwa a gidan Baba Ayuba a unguwar Ainu Shams, hawa na uku, saman shagon wani mai gyaran takalma. Baba Ayuba Bahaushen Sudan ne, tela, ya daɗe a Alƙahira. Mutum huɗun su ne 'yarsa Awadiyya, mai aiki a wani shagon magani, da Harun, ɗalibi ɗan Zariya, da matarsa Fauziyya, ita ma ɗaliba, waɗanda suke tasowa tun daga unguwar Darrasa, sai kuma Lawali. Inna Mahasin, matar gidan, ba ta wasan. Nata aikin ta ciyar da su, ta yi musu faɗa in surutu ya yi yawa.

Wasan ya samo asali ne a ƙarshen shekarar 2013, lokacin dokar hana fita, karatu yana tafiya yana tsayawa. Wata Juma'a bayan an ci abinci, Awadiyya ta fara ba da labarin wani jirgi mai yawo tsakanin taurari. Lawali ya katse ta ya ce jirgi ba ya tashi babu makamashi. Ta ce to ya kawo makamashin. Ya ce garwashi bakwai ne, a hannun wani tsohon aljani da ke zaune a ɗakin injin, kowane garwashi tafiya ɗaya. Harun ya ce in dai da aljani a jirgi, dole a samu mai iya yi masa magana cikin ladabi, saboda haka shi ne injiniya. Fauziyya ta ce ita likita ce, don ta ga alamar za a ji ciwo. Kafin a kira la'asar jirgi ya samu suna, Shamuwa, Lawali ya naɗa kansa matuƙi da sunan Kyaftin Sulaimanu, Baba Ayuba kuma aka ɗora masa alƙalanci ba tare da an nemi yardarsa ba.

Da yake ɗaliban addini ne, sai suka tsara kundin wasan kamar littattafan da suka saba gani. Tsakiyar shafi matani ne, wato abin da kowa ya yarda ya faru, ba a taɓa shi. Gefen shafi na hashiya ne. Kowa yana iya ƙara bayani a nan, amma da sharaɗi: ya sa sunansa da watan da ya rubuta, ya karanta a gaban jama'a, in Juma'a ta zagayo ba wanda ya musa, hashiyar ta zama doka kamar matani. Kundin yana kwana bakwai a hannun kowa bi da bi, don a tsabtace rubutun makon. Awadiyya ta taɓa kawo ɗan ludo don a riƙa raba gardama da shi. Harun da Lawali suka ce malamai sun yi magana a kansa, suka cinye Juma'a biyu suna jayayya, ƙarshe aka tsaya a kan ƙwallon dabino biyu a cikin hular Baba Ayuba, ɗaya an yi masa tsaga. In ra'ayi ya yi kunnen doki, alƙali ya zura hannu.

Shekara ɗaya da rabi suna wannan. Garwashi shida suka ƙone. Shamuwa ta sauka a wata duniya da ranarta take mutuwa, inda kullum gari yake kamar bayan magariba. Mutanen wurin, Mutanen Almuru, Awadiyya ce ta gina su shafi bayan shafi: rijiyoyinsu, geronsu mai nuna a duhu-duhu, yadda suke gaisawa da taɓa goshi don ba sa ganin fuskar juna sosai. Shugabarsu wata tsohuwa ce mai faɗa, Murja. Sunan kakar Awadiyya ne, wadda ta rasu a Sudan ba ta samu zuwa ta yi mata sallama ba. Duk abin da Murja ta faɗa a kundin, maganar kakar ce.

Garwashi ɗaya ya rage. Ko a hura shi jirgi ya koma gida, ko a jefa shi cikin ranar nan mai mutuwa ta sake kamawa. In an jefa, Shamuwa ba za ta ƙara tashi ba. In an tafi, sanyi zai gama da Mutanen Almuru kafin shekara. Harun da Fauziyya sun gama karatu, saura mako biyu su koma Zariya, don haka dole labari ya ƙare a wannan Juma'ar ta watan Rajab. Ra'ayin kowa sananne ne. Lawali da Harun gida suke so. Awadiyya da Fauziyya rana suke so a kunna. Biyu da biyu, kowa ya san hular Baba za a nufa. Kuma a wannan makon kundin a hannun Lawali ya kwana.

Aka ci asida, tuwon mutanen Sudan, da miya, aka kwashe kwanuka. Zafi ya fara, fanka tana juyawa tana ƙara, a ƙasa masu kekunan haya na tuk-tuk suna ta danna hon. Baba Ayuba ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa, ya jefa ƙwallon dabino biyu a ciki.

"Yalla, maza a buɗe kundi. Yau ba mai fita gidan nan sai an san makomar garwashin nan."

Lawali ya gyara zama, ya yi gyaran murya irin na mai shirin huɗuba.

"Baba, Allah ya ƙara girma. Kafin a kai ga hula, akwai nassi."

"Nassi kuma?" in ji Fauziyya. "A ranar ƙarshe?"

"Ni ma a makon nan na ci karo da shi, ina bitar farkon kundi. Na manta da shi sarai."

Ya buɗe shafi na tara. Kowa ya san shafin, don a nan Fauziyya ta zana hoton Shamuwa, zanen da mijinta ya ce ya fi kama da gwangwanin waken ful da aka yi wa fukafukai. A gefen dama akwai rubutu layi biyar, ƙanana, masu kyau. Lawali ya karanta:

"Hashiya. Kafin tashi, Kyaftin Sulaimanu ya ƙulla alkawari da tsohon aljani cewa garwashi na bakwai na komawa gida ne kaɗai. In aka saɓa, garwashin zai mutu a tafin mai jefa shi. Lawali ya rubuta, watan Safar, 1435."

Ya ɗago kai. "Kun ji. Ko an jefa ba zai kunna komai ba. Khalas, magana ta ƙare, a huta da hula."

"Ya zol! Kai mutumin nan!" Awadiyya ta miƙe tsaye. "Yaushe aka karanta wannan? Ni ban taɓa jin sa ba."

"Ranar da aka riƙe ki a shago ba ki zo da wuri ba."

"Ni fa, Ustaz?" in ji Fauziyya. "Ni ba na aiki a shago."

"Kina kicin kina taya Inna."

"Baba fa?"

"Wani ya zo gwajin jallabiya, Baba ya sauka."

"Tamam, ya yi kyau. Wato bango aka karanta wa."

"Malam Harun aka karanta wa."

Duk suka juya ga Harun. Ya kalli fanka, ya kalli Lawali, ya sosa gemu.

"To... kamar dai na tuna wani abu mai kama da haka."

Harun ba mugu ba ne. Yana da cutar da ke damun mutanen kirki da yawa, ba ya iya ce wa aboki a'a a gaban jama'a. Ƙari a kan haka, hashiyar ta zo daidai da son ransa. Wanda ya ce "kamar na tuna" alhali bai tuna ba, ya ba da shaidar zur da murya mai laushi, shi ke nan.

Fauziyya ta juyo gaba ɗaya ta fuskanci mijinta.

"Malam, kai da ka sauka daga jirgin metro a tashar Marj shekaranjiya don ka manta inda za ka, kai ne za ka tuna hashiyar wata goma sha bakwai?"

"Tunani nake yi a lokacin."

"Mutum ɗaya ya ruwaito, daga kansa, yana da maslaha a ciki, mai yi masa shaida kuma sananne ne da mantuwa. A aji me kuke kiran wannan?"

"Ana iya cewa akwai ɗan rauni a isnadin," in ji Harun a hankali.

"Ɗan rauni? Wannan ai gawa ce."

"Malama, ki ji tsoron Allah," in ji Lawali. "Doka mu muka kafa ta tare. An rubuta, an sa suna, an sa wata, an karanta, Juma'a ta zagayo ba a musa ba. Ba Juma'a ɗaya ba ma, sun fi sittin."

"Ta yaya zan musa abin da ban gani ba?" in ji Awadiyya.

"Kundin yana kwana a hannunki duk bayan mako huɗu. Laifina ne ba kya bita?"

Baba Ayuba ya miƙa hannu aka ba shi kundin. Ya sa tabarau ɗin da yake zura zare da shi, ya kai shafin kusa da taga. Rubutun Lawali ne, ba shakka. Biron irin wanda Lawali yake amfani da shi ne tun farko. Ya juya shafi, ya dawo, ya shinshina ma.

"Zuciyata ba ta kwanta ba," ya ce. "Amma ku kuka ce in yi hukunci da abin da ke rubuce. Ga rubutu, ga shaida, ko da shaidar tana ɗingishi. Ba zan soke da zato ba. In ba mai wata hujja, hashiya ta zauna."

Awadiyya ta koma ta zauna. Ta jawo kundin ta karanta layukan nan da kanta, ta sake karantawa. Mutum ce mai yawan dariya, amma a lokacin ba dariya a fuskarta.

"Yaba," ta ce wa mahaifinta, "wato habobata za ta mutu cikin sanyi saboda layi biyar?" Haboba ita ce kaka a bakin mutanen Sudan. "Da hula ce ta kayar da ni, wallahi da na haƙura. Amma a ce tun ranar da na fara rubuta su an riga an yanke musu, ni ban sani ba, ina ta haƙa musu rijiyoyi?"

Lawali ya sunkuyar da kai yana wasa da murfin biro. Ya kamata a nan ya yi magana. Bai yi ba. Wannan shirun ya fi rubutun muni.

Sai ga Inna Mahasin da tiren shayi.

"Ku kawar mini da littafin nan daga kan tebur kafin a sake ɓata shi. Awadiyya, ɗaga." Ta sunkuya za ta ajiye tire, idonta ya sauka a shafin. "Af, shafin gwangwani ne. Har yanzu tabon manjan nan bai fita ba?"

"Wane tabo, Inna?" in ji Fauziyya.

"Ga shi nan, ja, kamar ɗan yatsa. Ke za ki tambaye ni? Ba ƙaninki ne ya kawo miki manja daga Zariya ba, kika kawo mini kwalba guda kika ce in gwada? Muka yi miyar buɗa-baki da shi. Malam Harun ya buɗe littafin zai nuna wa yaron zanenki, cokali a hannunsa, ya ɗiga. Ni na goge da gefen zanena, zanen nawa ma har yau bai koma daidai ba."

"Azumin da ya wuce ke nan," in ji Fauziyya.

"Azumin da ya wuce mana. Manja sau ɗaya ya taɓa shigowa gidan nan, mu da man riɗi muka saba. Kuma ba zai ƙara shigowa ba, kwana uku tukunyata tana ja."

Awadiyya ta riga ta kai fuskarta kusa da shafin. Tabon yana gefen dama, a tsakiyar wurin hashiyar. Layi na farko da na biyu sun tafi sambai. Layi na uku da ya iso bakin tabon sai ya tsaya, ya tsallaka, ya ci gaba a ɗaya gefen. Na huɗu ya lanƙwasa ya bi ta ƙarƙashinsa, kamar mai kauce wa kwata. Duk ɗalibin da ya saba rubuta hashiya ya san biro ba ya kama takarda mai maiƙo, hannunsa da kansa yake kaucewa. Lawali gwanin rubutu ne, hannunsa ya kauce da kyau.

"Yaba, duba nan," ta ce. "Rubutun ya zagaye tabon."

Baba Ayuba ya sake sa tabarau. Ya daɗe yana kallo.

"Shekara talatin ina ɗinki," ya ce. "Na san ɗinkin da aka yi kafin riga ta yage, na san wanda aka yi bayan ta yage. Wannan bayan yagewa ne."

Fauziyya ta fara lissafi da yatsu, da ƙarfi, don kowa ya ji. "Safar. Rabi'u biyu. Jumada biyu. Rajab. Sha'aban. Ramadan. Ustaz Lawali, ma sha Allah. Ka kauce wa tabon da sai bayan wata bakwai zai ɗiga. Ashe waliyyi muke zaune da shi ba mu sani ba."

Lawali ya leƙa shafin.

"Wataƙila... man ne ya kauce wa rubutun."

Inna ce ta fara fashewa da dariya, har sai da ta ajiye butar shayi. Fauziyya ta kifa kai a kafaɗar Awadiyya. Baba Ayuba ya yi ƙoƙarin riƙe fuskar alƙali, gemunsa yana rawa. Harun ma ya fara dariya, matarsa ta ɗago ta harare shi.

"Kai kuma me kake wa dariya? Kai ne ka ɗiga man, kai ne kuma ka tuna an karanta maka."

"Na ce kamar."

"Za mu yi maganar kamar ɗin nan a hanyar Darrasa."

Da dariya ta lafa, Lawali ya ajiye biro a kan tebur.

"Ranar Talata na rubuta," ya ce. "Baba, ka yafe ni. Awadiyya, ma'alish, ki yi haƙuri. Shekarata shida ban taka Gusau ba. Kun san tsohuwar da nake rubutawa, uwar Kyaftin, mai fitowa ƙofar gida kullum da yamma tana kallon sama? Ba ƙirƙirarta na yi ba. Na zauna na ce, yanzu ƙwallon dabino ne zai yanke ko ɗanta zai dawo? Sai na kasa."

Gaskiya ya faɗa, kuma duk sun ji tausayinsa. Inna har ta tura masa kofin shayi ta ƙara masa sukari. Amma tausayi ba ya wanke ƙarya, kuma Baba Ayuba bai bari a cakuɗa su ba.

"Malam Lawali, da ka faɗi wannan da bakinka tun farko, da hujja ce, wataƙila ma ka ja wani zuwa gefenka. Ita ma tana da tsohuwa a cikin kundin nan, ka sani. Ka zaɓi ka kashe tata a ɓoye don taka ta ji daɗi." Ya ɗauki jan alli na ɗinki daga aljihu ya ja layi a kan hashiyar. "Wannan ta faɗi. Ƙuri'arka ta yau ma ta faɗi. Sauran hukunci sai an rufe labari."

"Biyu da ɗaya ke nan," in ji Fauziyya. "A jefa garwashi mu sha shayi."

"A'a," in ji Awadiyya. "Ban yarda ba. Shekara ɗaya da rabi, a ƙare ba a yi musu ba? Yaba, a bar kowa ya faɗi hujjarsa. Shi ma a bar shi ya yi magana, ko da ba ƙuri'a."

Baba ya yarda. Harun ya fara, kuma da yake yanzu da gaskiya yake magana, maganarsa ta yi ƙarfi.

"Mutum arba'in ne a Shamuwa. Garinsu ya haɗa guzuri ya tura su su je su gano, su dawo da labari. Amana ce. Mu ma nan haka aka turo mu. In kowane ɗalibi ya ga inda ake bukatarsa ya zauna, wa zai koma ya karantar a gida? Ni injiniya ban yi wa Mutanen Almuru alkawari ba. Na yi wa garina."

"Ni kuma likita ce," in ji Fauziyya. "Na karɓi haihuwa goma sha ɗaya a garin nan, suna nan a rubuce. In tafi in bar su su daskare don in je in ba da labari? Wane labari zan bayar? In ce mun samu mutane, mun ci geronsu, mun tafi da wuta?"

"A ɗauko su a jirgi mana."

"Jirgin da ka ce ko akuya ɗaya aka ƙara aljani zai yi yaji? Shafi na sittin, Malam. Wannan kam matani ne."

Lawali ya ɗaga hannu kamar a aji. "Masu jira a gida fa? Su ba mutane ba ne?"

"Mutane ne," in ji Awadiyya. "Za su yi kuka. Amma suna da rana." Ta dafa kundin. "Kakan habobata da ƙafa ya taso daga ƙasar Katsina zai tafi Makka. Ya iso bakin kogi a Sudan, guzuri ya ƙare, ya ce bari ya yi noma shekara ɗaya. Ya tarar da mutane rijiyarsu ta rufta, shi kuma ya iya haƙa. Shekara ɗayan nan ce har yau. Na tabbata akwai wadda ta tsaya a ƙofar gida tana jiransa har ta mutu. Ban ce ba zafi. Amma da ya juya, da babu ni, babu Yaba, babu asidar da kuka cinye yanzu ko loma ba ku rage ba."

"Wannan hujjar ta ƙarshe tana da ƙarfi," in ji Harun.

"To ka sauya?"

"Bari in tambayi aljani tukuna." Ya juya ga Baba Ayuba, don shi ke yin muryar aljani in an bukata. Ya dafa ƙirji. "Ranka ya daɗe, dattijon ɗakin inji, me ka gani?"

Baba ya ƙanƙance ido, ya shaƙe murya. "Shekara nawa ina hura muku wuta, ko sannu. Yau da kuka rasa mafita kuka tuna da ni? Ku jefa, ku hura, duk ɗaya. Ni dai a bar ni in miƙe ƙafa."

"Bai taimaka ba," in ji Harun.

"Bai taɓa taimakawa ba," in ji Fauziyya.

Aka kaɗa ƙuri'a. Awadiyya ta ce rana. Fauziyya ta ce rana. Harun ya kalli matarsa, ya kalli Lawali, ya ce shi dai har yanzu gida, kuma wannan karon ba kamar a ciki. Baba ya ce hakan ya fi masa daraja. Biyu da ɗaya. Ya zazzage ƙwallon dabino daga hula ya mayar da ita kansa.

Awadiyya ta jawo kundin ta buɗe shafin ƙarshe. Ta yi rubutu kusan minti ashirin, saura suna kurɓar shayi. Sannan ta karanta. Likita da injiniya suka ɗauki garwashi na bakwai a cikin kasko suka hau dutse mafi tsawo, aljani yana biye yana mita. Aka jefa. Kwana uku ba abin da ya faru. A na huɗu gabas ta yi ja, yara suka ruga ɗaki da gudu don ba su taɓa ganin inuwarsu ba. Tsohuwa Murja ta fito ta kare ido da tafin hannu, ta dubi sama, ta dubi mutanenta ɗaya bayan ɗaya, karon farko tana ganin fuskokinsu sosai. Sai ta dubi tsakar gidanta ta ce, "Innalillahi, ashe haka tukwanen nan suka yi baƙi ba wanda ya gaya mini?"

Baba Ayuba ya cire tabarau ya goge ido da hannun riga.

"Wallahi haka za ta ce," ya ce. "Haka ɗin nan."

Inna ta ce ita ma ta ji muryar surukarta sak, har gabanta ya faɗi. Fauziyya ta rungume Awadiyya. Lawali ya ce, ba tare da an tambaye shi ba, ƙarshen ya yi kyau. Ladanin unguwa ya fara kiran la'asar, Baba ya ce a tsaya minti biyu, saura magana ɗaya, ya sa Fauziyya ta riƙe biro ta rubuta abin da zai faɗa.

An sauke Kyaftin Sulaimanu daga tuƙi, an rubuta a matani cewa shi ne mai wanke tukwanen Murja har ƙarshen ransa. Kundin asali ya zama na Awadiyya. Lawali zai kwafe shi duka, shafi ɗari da goma sha ɗaya, da hannunsa, ban da injin kwafi, ya kai wa Harun da Fauziyya Darrasa kafin su tashi. An kuma rubuta a bangon kundin cewa daga yau ba a karɓar hashiyar Lawali sai da shaidu biyu, kuma ban da Harun a cikinsu.